Tara uku cikin wata takwas: amsa ga wani sabon direban babbar mota a Damagaram

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga wani matashi mazaunin Zinder, kuma ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Baba. Shekaruna 26. Na yi shekara biyar ina yaron mota kafin in samu lasisin tuƙa babbar mota, kuma yau wata takwas ke nan da wani Alhaji ya damƙa mini makullin gingimarinsa. Ina ɗaukar wake, rake da siminti tsakanin Zinder, Matamaye da Maraɗi, wani lokaci har Agadas. A cikin watannin nan sau uku ana cin tarata: ta farko saboda takardar duba lafiyar mota ta ƙare, ta biyu saboda lodi ya wuce ƙa'ida, ta uku kuma a makon jiya, saboda na ratsa wani gari da gudun kilomita 80 alhali allon bakin hanya ya ce 50. Alhaji ya cire biyun farko daga albashina, ya kuma ce idan aka sake zai karɓe makullinsa. Ta ukun na biya daga aljihuna, ban gaya masa ba. Manyan direbobi suna cewa tara ba komai ba ce, in riƙa ba da na goro in wuce, kuma idan na tafi a hankali sai su ce tuƙin tsofaffi nake yi. Burina in samu aikin tankar mai, ga shi an sa ranar aurena bayan babbar salla. Shin in ɓoye masa, ko in bar shi in nemi wani ubangidan?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya alheri a auren, ya kuma tsare maka hanya. Zan fara da tambayar da ta fi hana ka barci: kada ka ɓoye, kuma kada ka sake tayar da motar nan zuwa wata tafiya kafin Alhaji ya ji labarin daga bakinka. Ka fi ni sanin cewa tasha ba ta riƙe sirri. Yaron motarka yana zaune a gefenka lokacin da aka tsayar da kai, direbobin da suka wuce sun ga motar a gefen titi, kuma duk wanda ya san hanyar ya san ko motar wane ce. Idan maganar ta isa kunnen Alhaji ta bakin wani, laifinka ya zama biyu, kuma na biyun ya fi na farkon muni, domin mai mota yana iya haƙuri da direban da ƙafarsa ta yi nauyi a kan totur sau ɗaya, amma da wuya ya sake sakin jiki da wanda ya ɓoye masa abin da ya faru da dukiyarsa a inda idonsa ba ya gani. Mutumin da ya miƙa maka mota ta miliyoyin sefa, ya bar ka ka nufi Agadas da ita, ba shi da wani abin dogaro a kanka da ya wuce maganarka.

Sai dai ba na so ka je masa da kai a sunkuye kamar dukan tarar ukun naka ne, domin ba haka ba ne. Takardar duba lafiyar mota, da inshora, da takardar mallaka, duk nauyin mai mota ne ya sabunta su, kuma cire kuɗin wannan tarar daga albashinka bai yi daidai ba. Naka kuskuren a wurin shi ne ka tashi ba tare da ka buɗe jakar takardu ka duba ranakun ƙarewarsu ba. Tarar lodi kuma ta haɗa mutum uku, wato mai kaya da yake son ya tura buhu ɗari biyu a kuɗin ɗari da hamsin, da mai mota da yake son ribar tafiya ɗaya ta zama ta tafiya biyu, da kai da ka ga ana ta jibga kaya ka yi shiru saboda kunya ko tsoro. Ta ukun ce kaɗai ba ka da abokin tarayya a cikinta, tun da babu wanda ya taka maka totur. Idan ka zauna da Alhaji ka fara da ita, ka amsa ta ba tare da kawo uzuri ba, za ka samu bakin da za ka yi masa maganar sauran biyun cikin ladabi, kuma zai saurare ka fiye da yadda kake zato.

Maganar lodi tana da doka a rubuce, kuma yana da kyau ka san ta domin ka samu abin kafa hujja. Tun shekarar 2005 ƙasashen UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, waɗanda Nijar ke cikinsu, suka amince da ƙa'ida mai lamba 14, wadda ta iyakance nauyin da kowane layin taya zai ɗauka da nauyin mota gaba ɗaya, har ta ce tirela mai layin taya shida kada ta wuce tan 51, ita da kayanta. Wanda aka auna aka samu ya zarce, ana lissafa masa tara gwargwadon tan ɗin da ya ƙaru, sannan a sa shi ya sauke rarar kafin ya ci gaba. Amma ni abin da ya fi damuna game da lodi ba ma'aunin ba ne. Birkin motarka an yi shi ne domin wani nauyi ƙayyadadde, kuma duk buhun da aka ɗora a kan wannan nauyin yana ƙara tsawon filin da za ka ci kafin ka tsaya, yana kuma gasa birkin har ya daina kamawa a gangara. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da kwalta ke turiri, za ka gane dalilin da ya sa bakin hanyar Tanut yake cike da yagaggun tayoyi. Ranar da tayar gaba ta fashe da kaya fiye da kima, mai kaya yana gidansa, Alhaji yana rumfarsa, kai da yaronka ne a cikin kan mota. Saboda haka ka koyi cewa "ya isa haka" tun ana cikin lodi, kuma ka kira Alhaji a waya a gaban mai kayan, ka ce masa idan an ƙara, tarar da za ta biyo baya ba taka ba ce.

Yanzu bari mu zauna a kan gudun, domin shi ne zai yanke hukuncin ko za ka daɗe a wannan sana'a. Ka ɗauka garin da ka ratsa tsawonsa kilomita biyu ne. Da gudun 50 za ka fita daga cikinsa a minti biyu da daƙiƙa 24, da gudun 80 kuma a minti ɗaya da rabi. Ribar da ka ci ba ta kai minti ɗaya ba, kuma ko da garuruwa goma ka yi wa haka tsakanin Zinder da Maraɗi, abin da ka tara bai kai lokacin da kake ɓatawa wajen shan shayi a Takeita ko Tasawa ba. Ga kuma abin da ka saya da wannan mintin: a gudun 80 motarka tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, ma'ana kafin idonka ya gani, ƙwaƙwalwarka ta yanke shawara, ƙafarka ta isa birki, iskar birki kuma ta kai ga tayoyi, ka riga ka shafe fiye da mita 30 ba ka rage komai ba. Bayan birkin ya kama, filin da za ka ja kafin ka tsaya ya ninka na mai gudun 50 sau biyu da rabi. Wannan ba ra'ayin kowa ba ne, lissafi ne, kuma yaron da ya fito daga bayan rumfar mai tsire bai san da shi ba.

Yayana, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru masu yawa yana tuƙi a hanyar Agadas da ta Diffa, kuma na sha binsa lokacin hutun makaranta. Wata ranar Lahadi muna shiga Mirya, kasuwa tana ci, sai na ji ya ɗaga ƙafa ya sauke giya tun ban ga komai a gabanmu ba. Can sai ga wata ƴar akuya ta ɓullo daga tsakanin amalanke biyu ta tsallaka titi a guje. Na ɗauka shi ke nan, zai sake taka mota, amma sai ya ƙara danne birki har muka kusa tsayawa cik. Ba a yi daƙiƙa biyu ba wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba ta biyo akuyar da igiya a hannu, ko waiwayowa ba ta yi ba. Bai yi oda ba, bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ya ce duk dabbar da ta tsallaka da gudu akwai mai korarta a baya. Abin da ake kira tuƙin kariya ke nan: ka tuƙa motarka, ka kuma tuƙa ta wanda bai iya ba, ka ɗauka cewa duk abin da ke bakin hanya yana iya faɗowa gabanka, ka tanadi wurin tsayawa tun bai faɗo ba. Shi ma abokansa sun yi masa ba'a da jinkiri, amma har ya ajiye makulli ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba, kuma masu motoci ne suke zuwa ƙofar gidansa.

Ka ce manyanka suna gaya maka tara ba komai ba ce. Akwai ƙasashen da ba a iya faɗar haka ko da wasa. A Faransa tun 1992 lasisin tuƙi yake ɗauke da maki 12, kowane laifi yana zaftare wani abu, idan suka ƙare lasisin ya mutu. A Amurka direban babbar mota da ya yi manyan laifuka biyu cikin shekara uku ana dakatar da shi kwana 60, idan uku ne kwana 120, kuma kamfanin da zai ɗauke shi sai ya duba tarihinsa tukuna. Kada ka ɗauka don ba ka ga an buɗe maka kwamfuta a nan ba, ba a rubuta naka tarihin. Ana rubuta shi a bakin mutane, kuma wannan rubutun ya fi na takarda wuyar gogewa. Na taɓa zama a garejin wani bakanike a hanyar Magarya, wani mai motoci ya zo yana neman direba, ya ambaci sunan wani saurayi. Bakaniken bai ce komai a kan halinsa ko ibadarsa ba, sai ya jawo wani takalmin birki da ya ƙone ya yi baƙi ƙirin daga cikin tarkace, ya ce wannan na motar da yaron yake ja ne, kuma wata biyu kacal ya yi. Maganar ta mutu a nan, kuma na tabbata har yau saurayin bai san dalilin da ya sa ba a kira shi ba. Bakanike, mai faci, ɗan kamasho da mai sayar da gazuwal duk sun san yadda kake tuƙi ko ba su taɓa shiga motarka ba, domin taya da birki da kuloci da yawan man da kake ƙonawa suna ba da labarinka.

Wannan ya kawo mu ga burinka na tanka, wanda buri ne mai kyau. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙarshen 2011, a arewacin Zinder kan hanyar Tanut, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, jigilar mai ta zama aikin da samarin direbobi da yawa na wannan jiha suke hange. Amma ka sani cewa tanka ba ta yafe abin da gingimarin wake take yafewa. Ruwa ne a bayanka, yana gaba idan ka taka birki, yana gefe idan ka sha kwana, kuma gudun da mota mai buhuna za ta sha kwana da shi lafiya yana iya kifar da tanka. Duk ɗan Nijar yana tune da tankar da ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019, mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta kashe fiye da mutum 50. Mai tanka ya san irin abin da yake ɗora wa direba, shi ya sa idan zai ɗauki sabon hannu yake neman wanda aka shaida da sanyin ƙafa. Abin da abokanka suke kira tuƙin tsofaffi shi ne ainihin abin da ake biyan kuɗi a kansa a aikin da kake nema.

Game da na goro, shawarata ita ce idan ka yi laifi ka biya tarar hukuma ka karɓi rasit, idan kuma ba ka yi ba ka tsaya a kan takardunka cikin natsuwa da girmamawa, ba tare da ɗaga murya ba. Na san a kan hanya abin ba ya zuwa da sauƙi kamar yadda ake faɗarsa a zaune, kuma na san akwai ranar da za ka ga kamar gaskiyarka ce take ɓata maka lokaci. Amma rasit yana da amfani biyu: da shi za ka nuna wa Alhaji abin da aka kama, a ga ko laifin mota ne ko naka, kuma yana sa ka ji zafin kuskuren har ka gyara. Direban da ya saba sayen hanya da ƴan canji yakan manta cewa dokar tana kare wani abu ne, har ranar da zai buge mutum. A ranar babu na goro, sai tsare mota, da karɓe lasisi, da tuhumar kisa ba da niyya ba, da iyalin da za ka riƙa tunawa har ƙarshen rayuwarka. Idan kuma tafiya ta kai ka Kano ta Ɗan Barto da Daura, ka tuna cewa can ma akwai hukumar kiyaye haɗurra da nata dokokin, kuma baƙon direba ba shi da wanda zai tsaya masa.

Sauran abubuwan ka san su tun kana yaron mota, sai dai sani daban, yi daban. Idan kana bin wata mota, ka zaɓi wata bishiya ko turken kilomita, ka ƙirga daga lokacin da ta wuce shi, kuma idan ka iso kafin ka ƙirga shida ko bakwai, ka matse ta da yawa. A cikin gari, musamman wajen Kasuwar Dole ta Zinder ranar Alhamis, ɗan kabu-kabu yana iya maƙalewa a gefenka na dama inda madubi ba ya nuna shi, don haka kafin ka karya kwana ka ba da sigina da wuri, ka sa yaronka ya leƙa. Da dare kuwa hanyoyinmu cike suke da abin da ba shi da fitila: amalanken jaki, raƙuma a hanyar Adarbisanat, garken shanu, da motar da ta lalace aka zuba mata ganye a baya maimakon alama. Kada gudunka ya wuce inda hasken fitilarka ya tsaya, kuma idan hazon hunturu ya rufe hanya, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya ka jira, kada ka tsaya rabi a kai.

Akwai abu ɗaya da ba ka ambata ba, amma ba zan rufe wannan amsa ban taɓo shi ba, wato barci da abin da ake sha don a kore shi. A Turai doka ta tilasta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma jikin ɗan Damagaram ba da wani ƙarfe daban aka yi shi ba. Za a miƙo maka taramol a tasha, a ce maka kowa yana sha, kuma da shi ake kai Agadas a dare ɗaya. Ƙwayar ba ta cire gajiya, tana ɓoye ta ne, tana rage saurin hankalinka alhali kana jin kamar ka fi kowa iyawa, kuma tana iya jefa mutum cikin farfaɗiya yana riƙe da sitiyari. Idan ka ji idonka yana yaji, ko ka lura ba ka tuna kilomita biyun da ka wuce ba, ka nemi gari ka faka, ka yi alwala, ka kwanta ko da awa ɗaya ce.

Batun barin Alhaji kuma, ban ga lokacinsa ya yi ba. Wanda ya bar ubangidansa na farko cikin wata takwas da tara uku a bayansa, duk inda ya je tambayar farko ita ce me ya raba su, kuma amsar da za a samu a tasha ba za ta yi maka daɗi ba. Ka ba kanka shekara guda cur a kan motar nan ba tare da an sake tsayar da kai a kan laifin ƙafarka ba. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a cikin mota, ka rubuta ranar ƙarewar kowace takarda, da kowace tafiya, nauyin kayanta, man da ta ci, da gyaran da aka yi, ka kuma riƙa tuna wa Alhaji mako biyu kafin takarda ta ƙare. Littafin nan shi za ka ajiye a gaban mai tanka idan lokaci ya yi. Abin da kaɗai zai sa in ce ka tafi shi ne idan ka gaya masa birki ko taya ba su da lafiya ya ce ka tashi a haka, ko ya nace sai ka ɗauki lodin da ka san motar ba za ta iya tsayawa da shi ba. Ko a nan ma ka mayar masa da makullinsa hannu da hannu, a gaban shaida, ku rabu da sallama.

Idan kana jin nauyin tunkararsa kai kaɗai, ka roƙi direban da ya koya maka mota ya raka ka, tun da shi ne ya san hannunka, kuma maganarsa tana da nauyi a wurin masu motoci. Ku same shi bayan la'asar, lokacin da hayaniyar rumfa ta lafa, ka tafi da rasit ɗin nan uku, ka fara ajiye na makon jiya a gabansa. Ka rubuto mini bayan salla in ji yadda kuka ƙare.